Wa Aka Tambaya? Yaƙin Nijar da Ba a Yi Ba da Alƙaluman Jin Ra'ayin Jama'a

A watan Agustan 2023 da wuya ka kunna rediyo ba ka ji wani yana magana da yawun jama'a ba. Ranar 26 ga Yuli sojojin da ke tsaron fadar shugaban Nijar suka tsare Mohamed Bazoum, bayan kwana 2 Janar Abdourahamane Tiani ya bayyana kansa a matsayin shugaba. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ECOWAS ta zauna a Abuja ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, ta ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da Bazoum kan kujerarsa, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Ranar 10 ga Agusta aka ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana.

Arewa ta ce ba ta yarda ba, kuma ta faɗa da babbar murya. Sanatocin Arewa sun tunatar da gwamnati cewa jihohi 7 ne ke maƙwabtaka da Nijar, daga Kebbi har Borno, a kan iyakar da ta haura kilomita 1,500. Majalisar Dattawa ta ƙi goyon bayan ɗaukar matakin soja ranar 5 ga Agusta. Muhammadu Sanusi na II ya je Yamai ya gana da Tiani ranar 9 ga wata, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi sahu, aka yi zanga-zanga a Kano, limamai suka yi ta huɗuba. Maganar da ake ta maimaitawa ita ce ba a yaƙi da ɗan'uwa, kuma ba ƙarya aka yi ba: har yau Sarkin Katsina ake kiran sarkin Maraɗi, kuma daga Kwangila zuwa Dogarawa a nan Zariya ba za ka rasa mai shayi ko mai gadi ko mai ga-ruwa da iyayensa ke Tawa ko Damagaram ba.

Ni ma na gamsu cewa mafi yawan mutanen Arewa ba sa son wannan yaƙi. Sai dai in aka ce mini kashi nawa ne cikin 100, kuma mata nawa ne a ciki, manoman ƙauye nawa, iyalan sojojin barikin Basawa nawa, to dole in ce ji na yi kamar yadda kowa ya ji, a masallaci da majalisa da cikin Keke Napep. Abin da muka sani mun san shi ne daga bakin manya da daga hayaniyar masu waya. An yi sa'a a wannan karon manya da talakawa sun zo ɗaya, shi ya sa ba wanda ya damu da cewa ba a ƙirga ba.

Daga tsallaken iyaka kuwa an samu lamba, kuma ta yi yawo sosai. Mujallar The Economist ta Ingila ta sa kamfanin Premise Data ya tambayi 'yan Nijar a farkon Agusta, sakamakon ya ce kashi 78 cikin 100 suna goyon bayan abin da sojoji suka yi. Masu son juyin mulkin suka ɗauki lambar suka yi ta yaɗawa tamkar hukuncin alƙali. Abin da aka bari a baya shi ne gargaɗin da mujallar ta yi da kanta, cewa an yi aikin cikin gaggawa, kuma mafi yawan waɗanda suka amsa maza ne masu ilimin boko, fiye da rabinsu a Yamai. Nijar kuwa ƙasa ce da sama da kashi 80 na mutanenta ke karkara, kuma waɗanda suka iya karatun boko a cikin manyanta ba su kai rabi ba. Premise ta manhajar babbar waya yake aiki, yana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ga wanda ya amsa. Wanda ba shi da irin wannan waya, ko ba shi da data, ko bai iya karanta tambayar ba, ba ya cikin lissafi tun daga tushe. Mai yiwuwa ne a ce da an shiga ƙauyukan Dosso da Maraɗi an samu irin wannan amsar. Amma ba a shiga ba.

Mu a Najeriya bai kamata wannan suna ya zama baƙo gare mu ba. Shi ne kamfanin da ya yi wa Bloomberg aiki a Satumban 2022, inda aka ce kashi 72 na waɗanda suka riga suka yanke shawara Peter Obi za su zaɓa. Da aka kaɗa ƙuri'a ranar 25 ga Fabrairun 2023, hukumar zaɓe ta ba Tinubu miliyan 8.79, Atiku miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1. Kowa na iya riƙe ra'ayinsa kan sahihancin zaɓen, amma ko mafi zafin magoya bayan Obi bai ce shi ne ya ci Sakkwato da Jigawa ba. Binciken da NOIPolls ta yi wa gidauniyar ANAP ta wayar tarho dab da zaɓen ya fi koyar da darasi. Ya ba Obi kashi 21, Tinubu 13, Atiku 10, Kwankwaso 3. Jaridu suka buga cewa Obi ne kan gaba. Amma kashi 23 sun ce ba su yanke shawara ba, kashi 30 kuma sun ƙi faɗa. Wato fiye da rabin waɗanda aka kira ba su ambaci kowa ba. Labarin gaskiya yana wurin waɗannan da suka ja bakinsu, ba wanda ya sa su a kanun labari.

Wannan cuta ta girmi wayar salula. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun tambaya kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta yi hasashen Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi amfani da su ta kwaso su ne daga littattafan masu tarho da masu mota, a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, sannan waɗanda suka fi jin haushin Roosevelt su suka fi ɗaukar alƙalami su amsa. George Gallup da ya tambayi mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawa ba shi ya faɗi wanda zai ci. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Giwa ya san dalili. Dillali ba ya zazzage buhu gaba ɗaya, ƙarfe yake sokawa a sama da tsakiya da gindi ya duba abin da ya fito, don ya san mai kaya a baki yake zuba mai kyau. Wanda ya ɗebi kwano 10 daga bakin buhu bai kai sanin wanda ya ɗebi tafi guda daga wurare 3 ba.

To yaya ake yin na kirki? Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, ita ce ma'aunin da ake kwatance da shi a Afirka. Ba ta jira mutum ya kawo kansa. Ana zaɓen unguwanni ta hanyar ƙuri'a, a je ƙafa da ƙafa, a zaɓi gida ta ƙidayar da aka tsara, a cikin gidan ma a zaɓi mutum ɗaya ta ƙuri'a, a riƙa yin namiji sannan mace, a yi hirar da harshen da mutum ya zaɓa. A Najeriya a zagayen baya-bayan nan mutum 1,600 ake tambaya, kuma NOIPolls ce ke gudanar da aikin. Da wannan adadi, lissafi ya nuna amsar ƙasa baki ɗaya na iya kaucewa da maki 2.5 sama ko ƙasa. Wannan ba laifi.

Amma a sauko da lissafin gida a gani. Mutum 8 ake tambaya a kowace unguwar da ƙuri'a ta faɗa wa, wato wurare 200 ke nan a ƙasar da ke da ƙananan hukumomi 774. Yawancin ƙananan hukumomi ba za su ga mai tambaya ba sam. Jihar Kaduna, bisa kasonta na jama'a, za ta samu kamar mutum 70, kuma da mutum 70 kaucewar na iya kaiwa maki 12. Ƙaramar hukumar Sabon Gari mai gundumomi 11, daga Samaru da Bomo da Basawa zuwa Dogarawa da Hanwa da Muciya, ko dai ta samu mutum 8 ko ta tashi a tutar babu. Saboda haka duk wanda ya ɗauko binciken ƙasa ya ce maka ga abin da mutanen Zariya ke so, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ƙari a kan haka, duk wannan rabo a kan ƙidayar 2006 yake tsaye, domin wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Yaron da aka haifa a shekarar waccan ƙidaya yanzu ya isa kaɗa ƙuri'a, kuma gonakin da ke bayan Dogarawa a lokacin da yawansu sun zama unguwanni.

A ce ma ƙuri'a ta faɗo a Dogarawa. Saurayi ya zo da riga mai tambari da kwamfutar hannu, ya yi sallama a zaure. Maigida ya fito, aka gaisa, aka ba shi tabarma. Ya ce wannan karon mace ake so. Maigida ya dube shi ya ce, "Malam, duk abin da za ka tambaye ta ni ma zan iya ba ka amsa." In an yi dace akwai mace a cikin ma'aikatan, ta shiga ciki, amma uwar miji na zaune a gefe tana tsince shinkafa, yara sun cika ƙofa. Tambayar farko da za a yi wa baƙuwar, tun kafin ta yi tata, ita ce, "Tallafi za a ba mu?" Mutanen da aka sha rubuta sunayensu ana cewa za a kawo taki ko kuɗi sun koyi cewa akwai amsar da ke kawo alheri, kuma suna ƙoƙarin gano ta daga fuskar mai tambaya. Idan aka zo kan maganar yaƙi, sai ka ji an ce, "To, Allah dai ya kyauta," ko "Allah ya zaɓa mana mafi alheri." Duk Bahaushe da ya ji muryar da aka faɗi wannan da ita ya san ko ƙi ne ko yarda. Kwamfutar kuwa gurbi biyar gare ta, kuma yawanci a gurbin "ban sani ba" wannan amsa ke faɗawa.

Ta waya abin ya fi muni. A garin da kowa ya san wani da 'yan damfara suka kira suka ce daga banki ne, baƙuwar lamba mai tambayar shekarunka da unguwarka amsa ɗaya take samu: "Ina ka samu lambata?" Wanda ya tsaya ya amsa tambaya 20 ba irin sauran ba ne.

Sai tsoro, wanda shi ne ya bambanta tambayar yaƙi da tambayar farashin masara. A ƙarshen kowace hira Afrobarometer kan tambayi mutum wa yake zaton ya aiko su, kuma duk da an yi bayani tun farko cewa ba gwamnati ba ce, mutane masu yawa kan ce gwamnati. Ka auna wannan a Sabon Gari, inda Depot ɗin horar da kuratan soja yake tun 1924, inda kuma a Disamban 2015 aka yi arangama tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky, wadda kwamitin shari'a na Jihar Kaduna ya ce ta ci rayukan fararen hula 348. A irin wannan gari, baƙo ya tambaye ka ra'ayinka kan aikin soja yana rubutawa, ba wauta ba ce ka auna kalamanka. Haka ma a Yamai, kwanaki kaɗan bayan masu bindiga sun karɓi mulki, cewa "ba na goyon baya" ba ƙaramar magana ba ce.

Rasha ce ta fi nuna wannan a zamaninmu. Tun da aka shiga Ukraine a Fabrairun 2022, cibiyar Levada, wadda ba ta gwamnati ba ce, ke samun sama da kashi 70 suna cewa suna goyon bayan sojojinsu. Amma a Maris na wannan shekarar aka yi dokar da ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya yaɗa abin da hukuma ta kira labarin ƙarya game da soja. Wasu masu bincike biyu, Philipp Chapkovski da Max Schaub, sun gwada wata dabara. Aka raba mutane gida biyu. Rukunin farko aka ba su abubuwa 3, na biyu aka ba su waɗannan ukun da ƙarin maganar yaƙin, aka ce kowa ya faɗi guda nawa yake goyon baya, ba sai ya ce wanne ba. Bambancin da ke tsakanin rukunan biyu shi zai nuna masu goyon bayan yaƙin, ba tare da an kama bakin kowa ba. Da aka tambaya kai tsaye kashi 71 suka ce suna goyon baya, ta wannan hanyar kuwa 61. Har yanzu rinjaye ne, kuma wannan ma abin lura ne ga masu cewa duk goyon bayan ƙarya ne. Amma mutum 1 cikin 10 ya faɗi abin da ba ya zuciyarsa.

Ko ba tsoro, tambaya kan ja amsarta. A binciken Afrobarometer na ƙasashe 39 tsakanin 2021 da 2023, kashi 66 sun ce sun fi son dimokuraɗiyya a kan kowane irin mulki, kashi 53 kuma sun ce soja na iya karɓe mulki idan zaɓaɓɓu suka ci amanar jama'a. Mutanen guda ne, hirar guda ce. Editan da ke son sojoji zai buga ta biyun, mai ƙin su ya buga ta farkon, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Da a 2023 an tambayi mutumin Samaru ko ya yarda a mayar da zaɓaɓɓen shugaba kan mulkinsa, wata amsa za a ji. Da an ce masa ko ya yarda sojan Najeriya ya yi harbi a Birnin Konni, wata daban. Sannan "ba na so" ɗin ma kala-kala ne. A 1968 Sanata Eugene McCarthy ya girgiza Shugaba Johnson na Amurka a zaɓen fid da gwani na New Hampshire da sunan adawa da yaƙin Biyetnam, daga baya bincike ya nuna da yawa cikin waɗanda suka zaɓe shi haushinsu shi ne Johnson bai yi yaƙin da ƙarfin da ya kamata ba. A nan ma, cikin masu ƙin yaƙin Nijar akwai mai tausayin dangi, akwai mai kaya a Jibiya da Illela da rufe iyaka ya karya, akwai mai ƙin Faransa, akwai mai son mulkin soja, akwai kuma wanda kawai ya ce a fara gamawa da dajin Birnin Gwari tukuna. Lamba guda ta haɗiye su duka.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a watsar da abin ne. Inda aka yi shi da haƙuri ya yi amfani, kuma sirrin shi ne maimaita tambaya guda ba tare da sauya ko harafi ba. Kamfanin Gallup ya yi ta tambayar Amurkawa ko kuskure ne tura sojoji Biyetnam: kashi 24 suka ce kuskure ne a Agustan 1965, 53 a Agustan 1968, 61 a Mayun 1971. Kan Iraƙi, kashi 23 a Maris na 2003, 63 a Afrilun 2008. Ko da kowace lamba tana da ɗan karkata, karkatar iri ɗaya ce, don haka hanyar da ra'ayi ya bi ta fito fili, kuma 'yan siyasa ba su iya musa ta ba. Wannan jerin ya kuma nuna cewa farin jinin yaƙi a makon farko ba abin dogaro ba ne, sai gawarwaki sun fara dawowa gida ake sanin ra'ayi na gaskiya. Na Nijar Allah ya taƙaita, ba a kai can ba. An ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe iyaka a Maris, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Yaƙin da ke gabanmu kuwa, wato na 'yan bindiga, bai ƙare ba, kuma a kansa ne rashin ƙirge ke cutarwa. Daga Samaru in ka wuce Shika ka shiga ƙasar Giwa, inda satar mutane ta hana noma a ƙauyuka da dama. Nasir El-Rufai, lokacin yana gwamnan Kaduna, ya ce ba sulhu, ba biyan fansa. Gwamna Uba Sani ya karɓi tubabbun 'yan bindiga a Birnin Gwari a ƙarshen Nuwamban 2024, aka sake buɗe kasuwar shanu. Kowannensu, da masu yabonsa da masu sukarsa, cewa suke abin da jama'a ke so ke nan. A nan manya sun rabu, malamai sun rabu, don haka ba sauran muryar da za a ce ta wakilci kowa. Kuma waɗanda ya fi cancanta a tambaya su ne mafi wuyar samu. Lokacin da Afrobarometer ta yi bincikenta na ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015, ba ta iya shiga Adamawa da Borno da Yobe ba saboda Boko Haram, ga shi kuwa a can wutar take ci. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Duk wanda ya yi binciken waya a watannin nan kan yadda ake yaƙi da 'yan bindiga, waɗanda ke kwana cikin aminci kawai ya samu. Mutanen Tudun Biri, inda jirgin soja maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi ranar 3 ga Disamban 2023, suna da abin faɗa kan hare-haren sama wanda mai zama a Abuja ba shi da shi.

Abin da ya cike gurbin shi ne shirye-shiryen kiran waya da ƙuri'un Facebook. Ra'ayi Riga na BBC da ire-irensa a gidajen rediyonmu suna da amfaninsu, suna fito da hujjojin da mutane ke riƙe da su, amma ba ma'auni ba ne. Mai kati da lokaci da zafin rai shi ke kira, kuma duk mai sauraro ya san sunayen da ba sa fashi. Ƙuri'ar Facebook kuwa mutum ɗaya na iya tara abokansa su juya ta kafin la'asar.

Ba mu rasa masu iya aikin ba. A Samaru akwai Jami'ar Ahmadu Bello da sassanta na lissafin ƙididdiga da nazarin zamantakewa da kimiyyar siyasa da aikin jarida, ga kuma cibiyar NAERLS da ke fita jihohi duk damina tana auna yadda noma ya kasance. Cibiyar da ta iya shiga ƙauye ta ƙiyasta masara za ta iya tambayar mai masarar ko sulhu yake so ko farmaki. Abin da ake buƙata shi ne bincike na yanki, a ce ƙasar Zazzau ko Arewa maso Yamma, da Hausa da Fulatanci aka tsara shi tun daga farko, mata su tambayi mata a ɗaki ba a tsakar gida ba, a je sansanonin 'yan gudun hijira, a maimaita tambayoyin duk wata 6, a kuma buga yawan waɗanda suka ƙi amsawa kusa da yawan waɗanda suka amsa.

Kafin a samu wannan, roƙona ga editocinmu na rediyo da jarida ne. Duk lambar da ta zo teburinku da sunan ra'ayin jama'a, kada ku karanta ta sai kun haɗa da mutum nawa aka tambaya, a ina, ta wace hanya, wa ya biya kuɗin aikin, da ainihin tambayar da aka yi. Idan wanda ya kawo ta ya kasa ba ku waɗannan, ku mayar masa da kayansa.